Randar Ƙofar Gida

Kuna tambaya me ya sa randar nan ba ta ƙafewa,
me ya sa nake sallamar ɗan garuwa kafin in sai wa kaina goro,
me ya sa na tsawata wa Ladidi jiya
don ta watsar da guntun ruwan moɗa a kwata.
Ku matso, tabarmar da faɗi.

Ni Cindo, ɗan majemi, haihuwar Yakasai,
babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan gidanmu,
sai Challawa in ta cika ta batse.
Aka yi mana aski, aka ba mu lamba da takalmi,
jirgin ƙasa ya kwashe mu har Ikko.
Can muka hau wani gari na ƙarfe mai hayaƙi,
aka ce yaƙi na gaba, bayan ruwa.
Ashe yana ƙarƙashinsa.

Daren Talata ne, wata bai fito ba.
Abokin gaban ban gan shi ba, har yau ban gan shi ba.
Ƙara ɗaya, fitilu suka mutu,
daɓen ƙarfe ya karkace kamar faifai a hannun mai bakace.
Baƙin mai ya malale bisa ruwa, wuta ta bi shi,
kowa ya kira uwarsa da harshen garinsu.

Gari ya waye, mu goma sha ɗaya
a kan katakon da bai kai faɗin zauren nan ba.
Gwangwanin ruwa ɗaya.
Saje Barmo ya yanke hukunci:
murfi guda da hantsi, murfi guda da almuru.
Mun yi alwala da teku, sha ne babu dama.
Alƙibla kuwa, kana kabbara gabas
katako ya juya ka sallame kudu.

Rana ta jeme mu.
Ni na san jima, na san yadda fata ke saki,
na gan ta a dantsena.
Ƙarƙashinmu wasu kifaye masu baki kamar zarto
suna zagaye, ba gaggawa suke ba.

Kwana na biyar Nomau ya ɗebi ruwan gishiri da tafi biyu.
Na riƙe hannunsa, ya fi ni ƙarfi.
Da la'asar ya miƙe yana dariya,
ya ce, Cindo, ga Dala can,
ga hayaƙin tuwon Inna, ba ka gani?
Ya gyara wuyan rigarsa kamar mai shiga gidan surukai,
ya taka.

Bayansa Jatau, bayansa wani ɗan Zazzau
da ban taɓa jin sunansa ba.
Ba likkafani, ba magirbi, ba ƙasar da za a barbaɗa.
Kabbara huɗu da busasshen harshe,
sai mu tura.

Daren na takwas hadari ya haɗo.
Muka wangame baki kamar 'yan tsaki,
muka matse riguna muka tsotsa.
Saje ya yi kuka, ya lashe hawayen.
Mu shida wani jirgi ya tsinta,
aka ɗaga mu kamar buhunan da aka zazzage.

Da na dawo, lambar yabo na aljihu,
na nufi Madigawa gidan su Nomau.
Innar na tsinkar zogale a tsakar gida.
Ba ta yi kururuwa ba.
Ta ce, ɗan nan, a ina kushewarsa take,
ko wani zai je ya yayyafa mata ruwa?

Na dubi ƙasa.
Shekara sittin ke nan ina dubanta.

To, kun ji.
Ɗan dako, makaho, mai tallar gyaɗa, kowa ya sha,
ba na tambayar suna.
Amma a shanye.
Ke Ladidi, leƙa ki gani,
kamar na ji moɗa tana taɓo gindin randa.