Zaren Kangimi

Juma'a, da aka sauko daga masallaci,
muka loda tampol da buta da gidan sauro
a akori-kurar Lurwanu,
wadda sai an tura ta take tuna aikinta.
Didam ya rungume gwangwanin tana
kamar mai riƙon kuɗin adashe.
Yaya Tasi'u bai riƙo komai ba.
Da ƙyar ma muka raba shi da ɗaki.

Mun wuce Maraban Jos rana na sunkuyawa,
muka tarar da Kangimi ta yi jajir,
sai ka ce a nan aka wanke tukunyar manja.

Daren farko sauro ya karɓi harajinsa.
Waya ta nemi sabis, ta gaji, ta kwanta.
Kwaɗi suka ci kasuwarsu har asuba,
Yaya na zaune, bayansa ga wuta.

Asabar, hantsi ya dubi ludayi,
Didam na da karfasa biyu, kowace tafin hannu,
Lurwanu ya ja, ya ja, da kabbara,
ya fito da silifa ƙafar hagu.
Ni kuwa na wurga fatsa da ƙarfin banza,
zaren ya dawo mini a cukurkuɗe,
ƙulli a kan ƙulli, ba kai ba gindi.
Na laluba aljihu, na zaro reza.

“Kawo.”

Muka dubi juna.
Shekara goma sha tara ya yi a masaƙar Kakuri
kafin a rataya kwaɗo a ƙofar.
Tun daga nan maganarsa ta koma
“to” da “Allah ya kyauta”.

Ya ɗora zaren a gwiwa.
Yatsun da na saba gani a kwance
suka miƙe, suka shiga, suka fita,
babba na dannawa, manuni na zawarci.
“Zare ba ya son fushi,” ya ce.
“Nemo bakinsa kawai. Sauran zai biyo ka.”

Da dare muka gasa karfasar nan biyu,
mutum huɗu, yaji ya fi kifi yawa.
Ya ba mu labarin jiniyar ƙarfe shida,
da kekuna dubu a bakin get,
da wani ogan shifta mai barci a tsaye.
Ya yi dariya har ya ƙware,
Didam na bubbuga masa baya.

Lahadi wani tsoho ya zo a kwalekwale,
muka sayi tarwaɗa huɗu a hannunsa,
muka ƙulla ƙaryar da za mu kai gida.
Na ce ni na kamo mai gashin bakin.

Muna tura motar, na ga Yaya
ya naɗe zaren a tsinke, ya sa aljihu.
Sai da muka hau kwalta ya ce wa taga,
“Sati mai zuwa, wa zai sa mai?”