Ɗigon Shuɗi

Taga ya ce zai shafa wa fenti
kafin ƙanƙara ta sauko wa Ushak.
Na ce, Nurettin, naɗe dardumar tukuna.
Ya ce, hannuna ba ya rawa.
Hannun ya yi rawa.

Shuɗi ya malalo daga bakin gwangwani,
ya sauka kan jan da kakata ta rina
da saiwar da ta tono a bayan gonarsu,
ya kwanta a tsakiyar fure
kamar baƙon da ya san ba mai korar sa.

Muka yi ta cacar baki har shayi ya huce.
Mako uku a tsakani
maƙwabta suka cika ɗakin,
takalma tuli a bakin ƙofa.
Kowa ya taka shuɗin nan, ba wanda ya ce uffan.
Ya tafi ya bar ni da rabin taga.

Da na fita takaba na durƙusa wa tabon.
Na kankare da bayan wuƙa, ya ƙi.
Na jiƙa shi da kananzir, ɗaki ya ɗau warin gareji.
Sabulu, ruwan ɗumi, tsohon buroshin haƙori,
ina kallon sa, yana kallo na.
Sai na jawo bilic daga ƙarƙashin famfo,
wanda nake wanke tayil da shi,
na tuttula, ban auna ba.
Mai fushi ina ya ga mudu?

Da fari har na ji sanyi a rai:
kumfa na tashi, launi na ja da baya.
Kafin in farga fure ya koma ruwan ƙwai,
daga nan fari fat, kamar ƙashi.
Na taɓa, ulun ya yi yauƙi,
ya biyo yatsana kamar kuɓewa.
Fentin kuwa yana nan daram,
tsibiri a tsakiyar ɓarna.
Garin neman gira na rasa ido.

Usta Jemil yana lungun bayan kasuwa,
inda zaruruwa ke rataye kamar ruwan sama mai launi.
Bai tambaye ni komai ba, hanci ya kai.
Ya ce, Gulizar Hanim, ulu gashi ne,
tunkiya ta yi yawo da shi a kan dutse.
Abin da kika zuba bai san datti ba, bai san gashi ba,
ci kawai ya sani.
Za ki zuba shi a kanki?

Ya ɗauraye, ya sake ɗaurayewa,
ya tsame mataccen da ɗan tsinken ƙarfe,
ya ƙirga ramin: ƙulli dubu biyu da 'yan kai.
Sabon ja, in ji shi, ba ya jin maganar tsoho,
sai ya shanya zaren a kan rufi
rana ta koya masa shekara tamanin
cikin kwana arba'in.

Ran da ya iso kan fentin ina zaune a gefe.
Ya ɗaga almakashi,
na riƙe masa hannun riga.
Na ce, bar wannan.
Ya ce, ai shi kika zo cirewa.
Na ce, na sani.
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya saƙa ya kewaye shi, kamar mai shinge wa kabari.

Yau dardumar ta dawo gurbinta.
In rana ta faɗo ta rabin tagar
sabon jan yakan ɗan ɗaga murya,
jikokina ba su lura ba.
Da asuba nakan bi ta kai ba takalmi,
ɗigon ya soke ni kaɗan a tafin ƙafa,
busasshe, mai taurin kai,
har yanzu yana musu
cewa hannunsa ba ya rawa.