Ruwan Ɗumi a Bayan Gabi

Kabu-kabu ya aje mu inda jar hanya ta ƙare,
bayan Gabi, a bakin daji.
Mai babur ya ƙirga kuɗinsa sau biyu,
ya dube mu, ya dubi dajin, ya juya.

Kawu Tunau na gaba da sandar dargaza.
Majemi ne.
Shekara arba'in hannunsa na cikin toka da bagaruwa,
yana mai da fatar jar akuya
laushin kunnen jariri.
Yanzu yatsun sun dunƙule, sun ƙi buɗuwa,
ko maɓallin riga ni nake sa masa.

Ya ce yana yaro ubansa ya kai shi wani idon ruwa
mai ɓullowa a gindin dutse
da ɗumin madarar da aka tatso yanzu.
Na ce, Kawu, a ƙasar nan tamu ta rairayi?
Ya ce, kai dai ɗauki gora, mu tahi.

Muka bi turbar shanu.
Sabara, sabara, kalgo, sabara.
Ƙarangiya ta kama mini wando kamar mai bin bashi.
Ƙayar aduwa ta ratsa takalmina ta gaida tafin ƙafa,
na zauna ina cirewa, ina zagi a ciki.
Fakara ta tashi fir daga ciyawa,
gabana ya faɗi, Kawu ya yi dariya.
Rabon da in ji dariyarsa tun damina.

Alamarsa wani marke ne mai rassa uku.
Muka tarar da kututtura bakwai
da sawun amalanke.
Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa da bayan hannu,
kamar mai neman kabarin wani
a maƙabartar da ba a sa alama ba.

Azahar ta wuce. Ruwan gora ya koma rabi.
Wayata ta daina sanin inda muke.
Na tsara maganar komawa a bakina,
ban kai ga furta ta ba
sai ga wata yarinya bayan tumaki tara,
igiyar guga a kafaɗa, tana cin magarya.
Ta ji tambayarmu har ƙarshe, ta tofar da ƙwallo,
ta nuna kudu da haɓa:
can da tumakina ke ƙin sha?

Ba tafki ba ne. Ba ma ƙorama ba.
Wani ɗan gurbi ne da faifai zai rufe,
a inuwar dutse baƙi, da kashin kurciya a gefe,
yashi na motsi a ƙasansa
kamar gero a tukunya kafin ta tafasa.

Na sa yatsa.
Na ce a raina rana ce ta dafa shi.
Na ɗaga kai: rana ba ta leƙa nan.

Kawu ya durƙusa, gwiwa na ƙara,
ya tura hannu biyu har wuyan hannu.
Ya rufe ido.
Can ya ce, nan munka ci ƙuli-ƙuli ni da shi,
shina ta faɗa don na zubar da gishiri.
Daga nan bai ƙara ba.
Ni ma na cire takalmi.

Yatsun ba su miƙe ba, kada in yi ƙarya.
Ƙaramin ne kawai ya ɗan saki,
wataƙila ma idona ne.

Muka cika gora don Inna Tsahara.
Kafin mu ga fitilun Maradi ya huce sarai.
Ta kurɓa, ta ce ai ruwa ne.
Kawu ya ce, ɗumin ba shi biyo mutum gida.

Yau kwana tara ke nan,
ina ta tsintar ƙarangiya a bakin wandona.