Wandon Hawa

A shagon Cvetka, bayan tashar Kočevje,
inda warin man inji ya kama har labule,
na tsaya gaban wanduna goma sha biyu,
a rataye, kamar mutanen da aka cire wa sama.

Kawu Bojmir ya biyo ni da sandarsa,
ƙwas, ƙwas, a kan daɓen katako.
Tun daga gida bai ce uffan ba.
Shekara ashirin da uku ke nan
da zarton inji ya lashi sha-raɓarsa ta hagu,
ta baya, inda bai zata ba,
yana lilo a wuyan wata tsohuwar lipa
cikin wandon zuwa coci da ya sha jiki.

Na ɗauko wani shuɗi,
shafal, kamar rigar barci.
Cvetka ta juya shi, ta nuna min bayansa:
"Wannan gaba kawai yake tsarewa.
Na mai yanka a ƙasa ne,
wanda ƙafafunsa suka san inda suke.
Ke kuwa sama za ki.
A sama ba gaba, ba baya:
ki juya, igiya ta juya ki,
zarto ya zo ta inda ya ga dama."

Kawu ya ɗan ɗage ƙafar wandonsa.
Tabon ya yi magana, shi ya yi shiru.

Sai ta kawo mai kariya kewaye.
Nauyinsa ya ja hannuna ƙasa.
Ta zaro wani yanki daga aljihun tebur
wanda sarƙa ta taɓa cizo:
farin zare ya ɓarko buzu-buzu
kamar kan tsohuwa da sassafe.
"Ba ƙarfe ba ne," in ji ta.
"Baki yake cika wa zarto
har ya shaƙe, ya tsaya cak.
Ƙiftawar ido yake saya miki, ba ƙari.
Kuma sau ɗaya yake wannan alheri.
In ya yi, a jefar, kada a kai wa tela."

Na saka. Ta ɗaura min ɗamarar hawa,
ta maƙala ni a ƙugiyar rufin shago.
"Gwiwa zuwa haɓa. Buɗe ƙafa. Tsuguna a iska."
Na farko ya matse min cinya.
Na biyu, aljihunsa ya shige ƙarƙashin maɗauri.
Na uku ya tsaya sama da idon sawu,
ya bar yatsa biyu tsakaninsa da takalmi.
Kawu ya kai kan sandarsa daidai wurin,
ya ƙwanƙwasa sau ɗaya.
Na cire.

Na huɗu ruwan lemo ne, mummuna,
da zif a cinya don shan iska.
Na ce, a watan Yuli zai dafa ni.
Ta ce, zai dafa.
Na ce, in ruwan sama ya jiƙa shi fa?
Ta ce, sai ka ce kin goya ɗan maraƙi.
Na duba farashin: ladan mako biyu cif
na jan rassa a bayan gidan wasu.

A nan ne Kawu ya buɗe baki:
"Daga ƙasa zan hango ki cikin ganye."
Shi ke nan.
Ya ciro gwangwanin taba,
ya ƙirga takardun da suka sha ninki,
ya biya rabi, ya juya mana baya
yana karanta kwalin man sarƙa
kamar wasiƙa ce aka aiko masa.

Ran Litinin, gajimare na kwance a kwari,
ni ina mita goma sha takwas a sama,
gumi na bin bayan gwiwata.
Na leƙa. Ga hularsa can, ƙarama kamar maɓalli.
Ya ɗaga sanda.
Na gyara zama cikin ɗamara,
na duba inda ƙafata ta hagu take,
na sake dubawa,
sannan na ja igiyar zarto.