Yatsa Ɗaya

A Ennis ruwan sama ba ya sallama.
Tun asuba yake dukan tanti,
ni kuwa aikina durƙuso ne.
Jama'a na kallon sama, inda doki ke tashi,
ni ƙasa nake kallo, inda yake dira.

Kayan aikina ba su cika aljihu ba:
ɗan sikeli, tef na awo,
da littafin doka da ya sha jiƙa ya sha bushewa
har shafukansa suka koma ganyen kabeji.
Duk abin da za a ɗaura wa ƙafa ɗaya
kada ya haura giram ɗari biyar.
Cikinsa sumul.
Ba ƙulli, ba tsini, ba wayo.

Lamba arba'in da bakwai ya gama zagaye,
ko sanda ɗaya bai kayar ba.
Fili ya ɗauki tafi.
Cathal Hehir ne, ɗan shekara sha tara,
kumatu jawur, murna ta hana shi rufe baki.
Goɗiyar kuwa ɗaga ƙafar baya take
kamar mai tafiya a kan garwashi.

Na kai yatsa tsakanin fata da maɗauri.
Ya ƙi shiga.

Na ce a kwance.
Na ɗora a sikeli, nauyi daidai.
Na auna tsawo, daidai.
Ƙarfe da lamba duk sun wanke shi,
sai dai inda maɗaurin ya kwanta
ya bar kwari a gashi,
jijiya ta yi tsaye, tana huci.

Uban ya keto taro, hula a hannu:
Nuna min layin da ya hana!
Kuɗina na sa, sabo ne fil, jiya na ɓare leda!
Na buɗe masa shafin, ruwa na ɗiga a kai.
Bai karanta ba.

Ban gaya musu labarin Spideog ba.
Shekara talatin ke nan.
Rami ɗaya na ƙara a maɗauri, ɗaya tak,
ta yi ta watsa ƙafafu sama da sanda
har na cika bangon kicin da kyaututtuka.
Da bazara ta zagayo agara ta tsinke.
Shekara sha huɗu tana ɗingishi a bayan gidanmu,
kullum ta hango ni sai ta taho,
abin da ya fi ci min rai ke nan.

Yaron ya sauko.
Farin wandonsa ya nutse a laka kusa da ni,
ya shimfiɗa tafin hannu a ƙwaurinta,
ya daɗe.
Da zafi, ya ce, ba da ni yake ba.

Lasifika ta kira arba'in da takwas.
Na rubuta abin da zan rubuta,
na goge yatsa a gefen riga.
Gwiwata ta yi ƙara da na miƙe,
wani dokin har ya iso.