Bindiga Daidai Kafaɗa

A dare uku gadu ya gama da rogona,
wanda na dasa can hanyar Ofinso da kuɗin bashi.
Ya tone, ya ci rabi, ya bar rabi wa rana,
ya bar mini sawu da kashi.

Na shiga mota zuwa Aboabo zuciya na tafasa,
na tarar da Baba Dantani a zaure yana goge ƙarfe da tsumma.
Na ce, "A ba ni babba, wadda in ta yi tari
sai 'yan kasuwar Kejetiya sun waiga."

Bai ɗago ba. Ya dai janye ƙafar wando.
Ga tabo daga idon sawu har gwiwa, kamar an ja alli.
"Wannan," in ji shi, "aikin harsashin zabo ne.
Ina kamar shekarunka na watsa wa mugun dawa ƙananan dalma,
suka huda fata, suka kwanta a kitse.
Haushi kawai na ba shi,
shi kuwa ya ba ni wannan."

Ya jera su uku a kan tabarma.
Ta fari adakar kakansa, mai cin albarushi da haƙuri:
"Kafin ka sake ɗura ta, haure ya iso."
Ta biyu doguwa, baƙa, mai nauyin turmi.
Na ɗaga ta, hannuna ya soma rawa,
bakinta na lilo tsakanin ƙofa da buta.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Ta giwa ce. Kai giwa ta yi maka ɓarna?
Wadda kake tsoro, rufe ido za ka yi ka ja kunama,
wanda ya rufe ido kuwa, daji ya harba."

Ta ukun ba ta da kyan gani.
Gindinta ya sha ɗauri da waya,
amma da na kai ta kafaɗa sai ta zauna
kamar ta san gidan.
Ya ɗora mini harsashi ɗaya a tafi,
kaurinsa kaurin ƙaramin yatsana.
"Dalma guda, mai nauyi, mai ratsa ƙashi.
Bayan kunne, ko inda kafaɗa ta ƙare.
In ba ka ga wurin ba, bar shi ya wuce,
rogo ya fi gwiwa araha."

Sai da na yi sati biyar ina zarya gun 'yan sanda
kafin takarda ta fito da hatimi.
Na ɓata harsashi tara a kan gwangwanin madara,
na sami huɗu.

Agya Boadu, maƙwabcin gonata, ya riga ya wasa wuƙa.
Ya ce in na kayar, naman nasa ne, tun da ni ba na ci,
zai biya ni da irin rogo da kan agade biyu.

Yau ga ni a kan reshen ɗorawa, iska na dukan fuskata,
wata ya yi rabi, sauro na karɓar zakka.
Can ƙasa wani abu ya yi gurnani a cikin ganye.
Ban ga kunne ba tukuna.
Yatsana na waje.