Daƙiƙa Biyu da Rabi

A ɗakin ƙasa, a Duluth, tsakiyar Janairu,
dusar ƙanƙara ta cinye rabin taga.
Daga ni sai faifan wasa, sai agogon da ke wuyana.
Jami'a ta aiko takarda mai gurbi biyu kacal:
a ɗauke shi, ko a bar shi.

Teague Brannock, lamba goma sha huɗu,
ɗan mai gyaran injin jirgin ruwa.
In ƙartinsa biyar suka tsaya masa katanga,
hannun nan ba ya ƙarya:
jifa talatin da shida, talatin da ɗaya sun isa gida,
ƙwallon na juyi a iska kamar mazari.
Amma wannan, ko mai sayar da gugguru ya gani.
Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Sai na tsallake ranakun daɗi,
na nemi inda katangar ta tsage.

Daƙiƙa biyu da rabi.
Iyakar rabonsa ke nan
kafin ƙaton da ya yi biyunsa
ya faɗo masa ta bayan kafaɗa, inda ido ba ya kaiwa.
A nan lissafi ya juya masa baya:
ashirin da biyu, tara kawai suka shiga hannu.
Takarda ta ce tsoro ne.
Takarda ba ta taɓa jin haƙarƙarinta ya yi ƙara ba.

Na mayar da faifan baya. Na sake mayarwa.
Wannan da ya wurga waje, can wajen 'yan kallo,
alƙalami ya rubuta kuskure,
ni kuwa na ga yaron da ya ƙi ba wa maƙiyi kyauta.
Wancan da ya faɗi ƙasa,
a ƙirjin Osgood ya sauka, Osgood ne ya rufe ido.
Ga wani kuma: ya hango ƙaton na zuwa, ya hango sarai,
ya taka gaba, ba baya ba,
ya riƙe, ya riƙe,
har mai gudu ya karya kwana,
sannan ya saki.
Bai ga inda ya sauka ba.
Yana kwance, ciyawa a bakin hular kwanonsa,
ihun mutane ne ya ba shi labari.

Na kusa sa hannu.

Sai zango na huɗu, wasan da suka yi cikin ruwan sama.
Katanga lafiya lau, babu kowa kusa da shi,
amma ƙafafunsa suka soma 'yar rawa,
kafaɗa ta noƙe,
ya jefa da wuri, kamar mai yar da garwashi.
Na tsayar da hoton.
Na san wannan rawar.
Na taka ta shekara arba'in da suka wuce,
bayan wani ɗan Fargo ya ninke ni gida biyu.
Tun daga ranar nake jin takun mutanen da ba su zo ba.
Har yau, in an rufe ƙofa da ƙarfi a bayana,
kofi na zuba a rigata.

Sau ɗaya ya yi. Na ƙirga, sau ɗaya.
Nawa ma da sau ɗaya ya fara.

Tukunyar ɗumama gida na tari a lungu.
Gurbi biyu na kallona,
kowanne bai kai faɗin farce ba.
Na bar su fayau, na juya takardar,
na rubuta a bayanta:

Hannunsa ya isa. Idonsa ya fi hannunsa.
Ku nema masa ƙato a hagu wanda ba ya barci.
Kada ku kalli ƙwallon, ku kalli ƙafafunsa,
kuma ran da suka fara rawa,
kada ku yi masa tsawa.
Ku kira ni.